Tarihin Ciwon Ƙullewar Hanji

Cikin cututtukan da ke kama ɗan Adam akwai wani wanda tun zamanin da can ko likitoci suna shakkar ambatonsa. Mutum ya kwana lafiya lau, ya tafi fadama ya yi aikinsa, kafin la'asar sai ciki ya murɗe masa. Ya nemi zagayawa abu ya ƙi, ko iska ba ta fita. Ciki ya dinga hawa har ya yi tauri kamar ganga. Amai ya biyo baya, da fari abincin da ya ci, sa'an nan ruwa kore mai ɗaci, daga ƙarshe wani abu mai ɗoyi wanda bai kamata a ce ya biyo ta baki ba. In ba a yi wani abu ba, cikin kwana uku ko huɗu, wani lokaci mako guda, sai a ji an ce wane ya riga mu gidan gaskiya. A ƙasarmu ta Kabi, tun daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi, da wuya a sami garin da ba a taɓa ganin haka ba. Waɗansu su ce ƙullewar ciki, waɗansu su ce ƙaba ce ta taso, waɗansu kuwa su ce sammu aka yi masa. Likitoci suna da sunan da suke kiransa da shi, watau iliyus. Labarin yadda suka yi shekara fiye da dubu biyu suna fama da shi kafin su gane kansa, shi muke so mu ba ku, ya ku 'yan makaranta.

Bari mu fara duba hanjin kansa tukuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana feɗe ragon Layya ya ga kwatancinsa. Na mutum kashi biyu ne: ƙaramin hanji, siriri, tsawonsa kamar ƙafa 20, da babban hanji, kamar ƙafa 5. Kada ku ɗauka kamar bututun gora yake, wanda ake zuba abu ta sama ya faɗo ta ƙasa da nauyinsa. Yana da tsoka a jikinsa, tana matsewa ta bayan abinci tana saki ta gabansa, daidai yadda mahauci ke kama hanjin rago da yatsu biyu yana tatse abin da ke ciki. Haka yake yi dare da rana, ko muna barci ko muna farke, ba ya jiran umurninmu. Ban da abinci kuma, kowace rana jiki yana zuba masa ruwa iri iri, da miyau, da ruwan tumbi, da na matsarmama, da na hanjin kansa, jimla wajen lita 7 ko 8, watau kusan rabin garwar kananzir. Can gaba hanji ya sake tsotse kusan dukansa ya mayar cikin jini. Ku riƙe wannan lissafi da kyau, za mu komo kansa.

To, tafiyar nan tana iya tsayawa ta hanya biyu. Ku tuna da jirgin masunta a Gulbin Rima. Wani lokaci jirgi ya tsaya domin gungume ya gitta a gabansa, matuƙa suna ta buga filafili suna gumi, jirgi ba ya gaba. Wani lokaci kuwa ruwa a buɗe yake sarai, matuƙan ne suka ajiye filafili suka zauna. Wanda ke can nesa bakin gaɓa abu ɗaya yake gani, jirgi ya tsaya. Haka hanji yake: ko dai wani abu ya toshe shi ko ya shaƙe shi, ko kuwa hanya a buɗe take amma tsokar ta daina motsi. Na farko sau da yawa wuƙar likita yake bukata, da gaggawa kuwa. Na biyu ba abin da wuƙa za ta yanka a cikinsa, sai a nemi abin da ya sa hanjin ya kwanta. Likitocin yanzu a ƙasashe masu amfani da Ingilishi sun fi keɓe sunan iliyus ga na biyun, amma mutanen da duka biyu suka haɗa a suna ɗaya, domin suna tsaye ne a bakin gaɓa, ba su da ikon leƙa cikin mai rai.

Sunan daga harshen Girkawa ya fito, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, asalinsa kuwa kalma ce mai ma'anar murɗewa ko naɗewa. A cikin littattafan da ake danganawa ga Bukrata, babban likitansu na tsibirin Kos, wanda aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, an siffanta ciwon sosai, an kuma faɗi maganinsa. A ɗura wa majinyaci ruwa ta dubura. In abin ya ƙi, a ɗauko zugazugin maƙeri a hura masa iska ta nan, ko hanji ya buɗe. Mun san za ku yi dariya, amma ku dakata da dariyar sai kun kai ƙarshen labari. Bayan Bukrata an yi wani likita a tsibirin nan, sunansa Praxagoras. Wani marubuci mutumin Afirka ta Arewa, Caelius Aurelianus, ya ruwaito cewa shi ra'ayinsa in duk dabara ta ƙare a tsaga ciki, a buɗe hanji a fitar da abin da ya taru. Maganar tana da hankali, amma sai da aka yi shekara wajen dubu biyu kafin duniya ta sami kayan aikin da za a bi ta da su majinyaci ya tashi.

Da ilmin Girkawa ya koma hannun Larabawa da Farisawa, sai suka ari sunan suka ce ilawus, suka sa shi ƙarƙashin wani babban babi da suke kira ƙulanji, wanda ya tattara murɗar ciki iri iri tare da riƙewar bayan gida. Razi, wanda ya rasu a 925, ya yi littafi sukutum a kan ƙulanji. Ibnu Sina ma ya yi dogon bayani a kansa cikin littafinsa Alƙanun, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantawa a makarantun likita na gabas da yamma. Abin al'ajabi, ƙulanjin nan ne ya yi ajalinsa. Almajirinsa Juzjani ya ba da labari cewa ciwon ya kama shi suna cikin tafiyar yaƙi tare da sarkin Isfahan. Don gudun kada a bar shi a baya, sai ya ɗura wa kansa magani ta dubura har sau takwas a yini ɗaya, hanjinsa ya yi miki. Ya ɗan farfaɗo, ciwo ya komo, har ya cika a Hamadan cikin shekara ta 1037, bai kai shekara sittin ba. Ku duba fa, sarkin likitocin zamaninsa ke nan, amma da ciki ya ƙulle masa bai san wata hanya ba sai dai a tura da ƙarfi.

Wannan ilmi ya iso ƙasarmu tare da littattafan malamai. Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya yi rubutu kan kiyaye lafiyar jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafan magani da dama, cikinsu akwai ɗaya kan basir, ɗaya kuma kan amfanin sanna, ganyen da mu ke kira filasko. Har yau in ciki ya riƙe wa mutum a ƙauye, abin da za a fara nema ke nan: filasko, ko jiƙon tsamiya, ko kanwa, ko man zurma. Ga maƙarƙashiya ta yau da kullum filasko magani ne na gaske, har a kantunan magani na Turai ana sayar da shi. Matsalar ita ce, aikinsa shi ne ya zaburar da hanji ya ƙara matsawa. In gungume ne ya gitta, ka ce wa matuƙa su ƙara ƙarfi, ai jirgin ne zai fashe. Da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema shi ne Sarkin Ingila ya aiko da likita ya zauna a ƙasar. Buƙata ce ta mai hangen nesa. Amma a game da wannan ciwo dai, da likitan ya zo a shekarar, ba abin da zai fitar daga akwatinsa da ya fi na malaman Sakkwato, watakila ma nasa ya fi haɗari.

Ga dalili. A Turai ciwon ya firgita mutane har suka sa masa suna miserere, kalmar Latin mai nufin roƙon jinƙai, don wanda ya kai ga aman ƙazanta ba abin da ya rage masa sai addu'a. Babban maganinsu shi ne zaiba, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, mai tsananin nauyi. Su ba majinyaci ya haɗiye, wai nauyinta zai warware ƙullin. Waɗansu ma harsashin dalma suke bayarwa. A 1776, a birnin Rouen na Faransa, wani likita mai suna Pillore ya karɓi wani ɗan kasuwa wanda ƙari ya toshe wa ƙarshen hanji, an riga an ba shi laba 2 ta zaiba. Pillore ya yi ƙarfin hali ya buɗe masa ƙofa a gefen ciki don ƙazanta ta sami mafita, mutumin ya sami sauƙi, ya yi kwana 28, sa'an nan ya mutu. Da aka buɗe gawar sai aka tarar da zaibar nan ta taru wuri ɗaya cikin ƙaramin hanji, ta ja shi ƙasa da nauyinta, wurin ya ruɓe. A Ingila kuwa Thomas Sydenham, wanda ya rasu a 1689, ya fi son a bi ciwon da lallashi, a ba da ofiyam don kwantar da zafi, a kuma ɗora ɗan ƙaramin dabba mai rai bisa cikin majinyaci don ɗumi. Ofiyam yana kashe zafi, gaskiya ne, amma yana kuma kwantar da hanji, yana ɓoye alamun da za a gane cuta da su.

Akwai wani labari na zamanin nan da ya kamata mu ɗan tsaya a kansa. Sarauniya Karolin, matar Sarki Joji na Biyu na Ingila, tana da kumburi a cibiya tun haihuwarta ta ƙarshe a 1724. Hanji ne ya sami kafa a bangon ciki ya leƙo ƙarƙashin fata. Kunya ta sa ta ɓoye shekara 13, ta kuma sa mijinta ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ran 9 ga Nuwamba 1737 ciwo ya kama ta da murɗa da amai. Likitocin fada suka taru, ba su san da kumburin ba, suka yi ta ba ta maganin zawo suna tsaga jijiya suna zubar da jini, irin abin da wanzamanmu ke nufi da ƙaho. Sai bayan kwanaki Sarki ya ga abin ya wuce wuri, ya karya alkawari. Likita John Ranby ya yi mata fiɗa idonta biyu, domin ba maganin barci a lokacin. Hanjin ya riga ya lalace, daga baya ya fashe, ta rasu ran 20 ga watan. Ga dukiya, ga mulki, ga likitoci sun cika ɗaki, amma kwanakin da aka ɓata ba su sayuwa.

Za ku ce, me ya hana likitoci tsaga ciki tun da wuri? Abu uku ne suka tare su, kuma duka a ƙarni na 19 aka kawar da su. Ba su iya ɗinke hanji ya riƙe ba ya yoyo, ko da yake Zahrawi na Andalus tun wajen shekara ta 1000 ya yi bayanin ɗinke shi da zaren da aka yi da hanjin dabba. A 1826 wani Bafaranshe, Lembert, ya nuna cewa in aka lanƙwasa bakin yankan ciki, bayan hanji ya sadu da bayan hanji, wurin zai manne. Da irin wannan ɗinki Dieffenbach na Berlin ya yanke ruɓaɓɓen hanji a 1836 ya haɗa sauran, majinyacin ya tashi. Sa'an nan ga azabar wuƙa. An sami maganinta a 1846, da aka fara sa mutum barci da maganin shaƙa a Boston ta Amurka. Saura ruɓar miki, wadda Joseph Lister ya nuna a 1867 cewa ƙwayoyin cuta ke kawo ta, kuma ana iya kashe su a hannu da kayan aiki. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1871 Jonathan Hutchinson na Landan ya tsaga cikin wata yarinya 'yar shekara 2 wadda hanjinta ya shige cikin kansa, ya warware shi, ta rayu. A 1884 Frederick Treves ya fitar da littafinsa kan toshewar hanji, ya rarrabe irinta dalla-dalla, ya kuma yi ta jan kunnen 'yan uwansa su daina jira.

Duk da haka, har wajen 1900 fiye da rabin waɗanda ake yi wa aikin mutuwa suke yi. Likita ya buɗe, ya warware ƙulli, ya ɗinke tsaf, washegari majinyaci ya cika. Aka yi ta zaton wani dafi ne ke fitowa daga toshasshen hanji ya shiga jini. Sai a 1912 waɗansu likitoci biyu na Niyok, Hartwell da Hoguet, suka gwada da karnuka. Suka ɗaure musu hanji can sama kusa da tumbi, suka auna aman da kowane kare ke yi, suka riƙa mayar masa da ruwan gishiri gwargwadon haka ta allura. Karnukan da ya kamata su mutu cikin 'yan kwanaki sai suka daɗe da rai. Yanzu ku komo ga rabin garwar nan da muka ce ku riƙe. Ruwan da jiki ke zubawa cikin hanji kullum, in hanya ta toshe ba ya kaiwa inda za a tsotse shi. Ya taru a ciki ko ya fita da amai. Jini ya yi kauri, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Ashe mutumin da cikinsa ya cika fal da ruwa ƙishirwa ce ke kashe shi. Ƙarin ruwan da kuke gani an rataya a gefen gadon asibiti, wanda mutane da yawa ke rainawa suna cewa ruwa ne kawai, daga irin wannan bincike darajarsa ta bayyana.

Saura kumburin. Owen Wangensteen, na Jami'ar Minnesota a Amurka, ya nuna cewa yawancin iskar da ke cika toshasshen hanji haɗiyarta mutum ke yi tare da miyau. A 1931 ya fara zura siririyar roba ta hanci har tumbi, ya haɗa ta da kwalabe waɗanda ruwa ke gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya, suna tsotso iska da ruwa a hankali ba tsayawa. Ciki ya saɓe, amai ya tsaya, majinyaci ya sami ƙarfin jure fiɗa, waɗansu ma hanjinsu ya buɗe da kansa. Shekara dubu biyu ana ƙoƙarin turawa, sai ga shi sauƙi ya zo ta wajen janyewa. A tsakanin nan kuma likita ya sami idon leƙa ciki. Röntgen na Jamus ya gano hasken ɗaukar hoton cikin jiki a 1895, a 1911 kuma aka gane yadda iska da ruwa ke jeruwa hawa-hawa a hoton mai toshewar hanji. Magunguna masu kashe ƙwayoyin cuta, irin su fenisilin, suka biyo baya daga 1940 zuwa gaba.

Amma ina labarin matuƙan da suka ajiye filafili? Shi ma a wannan zamani aka gane shi. A 1862 Auerbach, wani masani a Jamus, ya ga cewa cikin bangon hanji akwai saƙar jijiyoyi kamar ragar kamun kifi, su ke ba tsoka umurni. A 1899 Bayliss da Starling na Landan suka nuna yadda matsewa da saki ke bin juna, suka kuma lura cewa buɗe ciki da taɓa hanji kaɗai ya isa ya sa shi ya yi tsit. Shi ya sa duk wanda aka yi wa aikin ciki hanjinsa kan yi ɗan barci: ƙaramin hanji ya farka cikin yini guda, tumbi cikin kwana ɗaya ko biyu, babban hanji sai kwana biyu ko uku. In barcin ya zarce haka, shi ne iliyus a ma'anarsa ta yanzu. Mugunya a cikin ciki tana kawo shi. Ƙarancin wani gishirin jini da ake kira fotasiyam yana kawo shi, abin da kan sami yaro mai tamowa bayan doguwar gudawa. Magunguna ma suna kawo shi. A 1990 likitoci a Pakistan suka ba da labarin jarirai da aka ɗiga wa maganin tsayar da zawo, hanjinsu ya tsaya cak, waɗansu suka mutu, har aka janye ɗigon daga kasuwa. Kodin da tiramadol, waɗanda samari ke sha don maye, 'yan uwan ofiyam ne, su ma suna kasalar da hanji. Gwamnatin Nijeriya ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018. Likita yakan ɗora abin saurarensa bisa ciki: toshasshen hanji da fari yana ƙugi yana ƙara, kwantacce kuwa shiru kake ji.

Yanzu mu komo gida. A ƙasashen Turai abin da ya fi toshe hanji shi ne tabon tsohuwar fiɗa, wanda ke yin zare-zare a ciki ya manne hanji, kuma a manyan asibitocin biranenmu ma yana ƙaruwa. Amma a karkarar Afirka ta Yamma gwaiwa tana nan cikin na gaba-gaba. Gwaiwa iri biyu ce, mu kuwa suna ɗaya muke ba su. Akwai ta ruwa, wadda ba ta komawa ciki, haɗarinta kaɗan ne. Akwai ta hanji, wadda ke fitowa in mutum ya yi tari ko ya ɗaga buhun shinkafa, ta koma da ɗan ƙugi in ya kwanta. Ciwon Sarauniya Karolin ke nan, wuri ne kawai ya bambanta. Tun wajen 1887 Bassini na Italiya ya nuna yadda ake ɗinke kafar, aiki ne da ba ya cin sa'a guda in an yi shi cikin kwanciyar hankali. Amma mu mun mai da gwaiwa abin ba'a tsakanin taubasai, saboda haka magidanci ya gwammace ya ƙara faɗin wando ya yi shekara goma da ita. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri da zafi, bakin kafar ya shaƙe jijiyoyin jini, cikin kamar sa'a 6 hanjin zai iya fara mutuwa.

Akwai kuma murɗewar ƙarshen babban hanji, wadda ta fi kama manyan maza a ƙasashen da ake cin hatsi mai dusa da yawa. Hanjin yakan yi tsawo ya yi nauyi, wata rana ya juya bisa gindinsa kamar an murɗa igiya. In an zo da wuri, sau da yawa ana warware shi da bututu ta dubura, dabarar da Bruusgaard na Norwe ya yaɗa a 1947. Ga yara masu wasa a ƙasa akwai tsutsar ciki, wadda kan dunƙule ta toshe hanya. Ga jarirai, galibi daga wata 3 zuwa shekara 2, akwai shigewar hanji cikin kansa: yaro ya ƙwalla kuka ya naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, sa'an nan ya yi kashin jini da majina, uwa ta ɗauka atuni ne ko haƙori. Kun san da me ake warware shi yanzu in an kawo yaro da wuri? Da iska ko ruwan gishiri da ake turawa ta dubura a hankali, ana auna ƙarfinsa, ana kallo ta na'ura. Likitocin Shanghai a ƙasar Sin sun ba da labari a 1986 cewa sun yi wa yara fiye da 6,000 haka. Zugazugin Bukrata ne ya komo, sai dai yanzu an san wanda ya dace da shi.

Wanda ya fi shafarku ku 'yan makaranta shi ne zazzaɓin taifot, domin tsaranku ya fi kamawa. Yana shiga ta ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. A mako na biyu ko na uku yakan ci ƙarshen ƙaramin hanji har ya huda, ƙazanta ta malala cikin ciki, hanji duka ya kwanta, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar allo. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya da na asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar sun yi rubuce-rubuce kan yawan yaran da ake kawo musu a wannan hali. A kwarin Rima abin yana da alaƙa da ambaliya. A shekaru irin su 2010 da 2020, da gulbi ya cika ya batse ya ci gonakin shinkafa, ruwan ya haɗa rijiya da salga, ya kuma yanke hanyoyi a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 a yi amfani da sabuwar allurar rigakafin taifot, wadda ake yi sau ɗaya tun daga wata 6.

Wuƙar da Praxagoras ya yi fata, da robar Wangensteen, da ruwan gishirin Hartwell, duk sun iso ƙasar Kabi. Akwai babban asibiti a Argungu. A Birnin Kebbi, kimanin mil 30 daga nan, akwai asibitin da ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, da kuma na tarayya. A Sakkwato, kimanin mil 60, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma ku lissafa yadda kwanaki ke tafiya a ƙauyen da ke hayin gulbi. Rana ta farko a jiƙa filasko. Ta biyu a tafi kemis a yi allurar kashe zafi, majinyaci ya ɗan yi barci, a ce alhamdu lillahi ya sami sauƙi. Ta uku a kira mai rubutu, a kuma aika a sayar da akuya. Ta huɗu a ɗora shi a jirgi, sa'an nan a bisa babur, a isa asibiti da dare. In ya rasu a kan tebur, sai labari ya koma ƙauye cewa fiɗa ce ta kashe shi, na gaba kuma ya ƙara jinkiri. Ba mu zargin talaka da rashin kuɗin mota, wannan nauyi yana wuyan hukuma. Amma kwana biyun farko ba kuɗi ke cinye su ba, rashin sanin alama ne, kuma sau da yawa a gidan ba wanda ya iya karanta wannan shafi sai ku. In murɗa ta haɗu da amai, da kumburin ciki, da rashin fitar iska, ko kuwa gwaiwa ta ƙi komawa, kada a ba da maganin zawo, kada a ba da abinci, a kama hanya.

Can a asibiti, bayan an gama aiki, za ku ga wani abu da zai ba ku mamaki. Dā akan hana majinyaci ci da sha kwanaki, a ce ya kwanta kada ya motsa. Tun daga wajen 1995 zuwa gaba, bisa binciken Henrik Kehlet na ƙasar Danmak da waɗansu, an gane cewa tashi da wuri, da ɗan takawa a baranda, da rage magunguna irin na ofiyam, da fara kurɓar ruwa-ruwa, sun fi saurin tayar da hanji. A waɗansu asibitoci har cingam ake ba shi ya tauna, don jiki ya zaci abinci na tafe. Kowace safiya babban likita zai zo da ɗalibansa a bayansa, ya ɗora abin saurare bisa cikin dattijo, ya tambaye shi a gaban kowa ko ya fitar da iska. Dattijo ya sunkuyar da kai, 'ya'yansa su dubi ƙasa. In ya ce i, sai ka ga fuskar likita ta saki, ya ce a zare robar hanci, a kawo kunu.